Azurfar da Inna Ta Wanke

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Inna gani, ruwan farkon damina ya kayar da tsohon rumbun da ke bayan ɗakinta. Yayana ya shiga kwashe ƙasar, sai diga ta daki tukunya. Da ya yaye tsumman da ke bakinta, sulalla ne cike, baƙi ƙirin, wasu har da shuɗi-shuɗi a gefe.

Mun san labarinsu, ba mu dai taɓa yarda da shi ba. Baba, kafin rasuwarsa, yakan ce kakansa ya sayar wa Turawa auduga a Funtua, aka biya shi da sababbin sulallan azurfa, shi kuwa ya ce abu mai kyau haka ba na kashewa ba ne, ya binne. Mukan yi dariya mu ce ai kowane gida da irin wannan tukunyar a baki. Ashe tamu a ƙasa take.

A lokacin kuwa gidanmu babu daɗi. Likita ya ce idon Inna na hagu ya nuna da yawa, in aka bari damina ta wuce ba a yi aiki ba, to sai dai haƙuri. Ni malamar firamare ce a Malumfashi, albashina bai kai ko'ina ba. Yaya manomi ne a ƙauyenmu wajen Kafur, abin da ke hannunsa ya tafi a taki. Shi ya sa ya kawo maganar sayar da rabin gonar da ke gangaren rafi, wadda wani Alhaji maƙwabcinmu ya daɗe yana zagayawa. A wannan gangaren Inna ke shuka kuɓewa da yakuwa tun zuwanta gidan amarya. Ko da ta daina gani, sai an riƙe mata hannu an kai ta ta shafa ganyen.

Na ce wa Yaya, “Wallahi ba za a sayar ba, ina raye.”

Ya ce, “To, Auta, ke kawo kuɗin mana, tunda bakinki ya fi na kowa.”

Ni dama ba na barin magana ta faɗi ƙasa. Muka yi ta yi har matarsa ta shiga tsakani. Ana cikin wannan zaman doya da manja ne rumbun ya faɗi.

Na ɗebi kaɗan a ƙulle a gefen zane na kai wa wani maƙerin azurfa a Malumfashi. Ya goga ɗaya a dutse, ya ɗora su a ɗan ma'auninsa, ya faɗi abin da zai biya in aka kawo tukunyar duka. Kuɗin ko aikin ido ɗaya ba zai yi ba. Shi ba ruwansa da hoton da ke jiki, narkarwa zai yi ya ƙera zobba da warwaro.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani mutum a Funtua, ɗan Yarabawa ne da aka haifa a garin, Hausarsa ta fi tawa. Yana sayen tsofaffin kaya yana tura wa masu tara su a Legas. Na same shi a shagonsa, na kwance ƙullin. Sai na ga ya shimfiɗa farin ƙyalle, yana ɗaukar sulen ta gefe kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya sa gilashi a ido ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, “Malama, waɗannan ba su taɓa shiga kasuwa ba. Dubi ganyen bishiyar nan, dubi gemun sarkin, gashi ɗaya-ɗaya yana nan. Duka haka suke?”

Na ce duka haka suke, tukunya guda.

Ya sayi 'yan waɗanda na kawo nan take. Ya ce in kawo sauran ranar kasuwa, in dai haka suke, abin da zai biya zai yi aikin ido biyu har a sami ragowa. A mota ina komawa ina murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya. Har na shirya irin kallon da zan yi wa Yaya.

Na shaida wa Inna komai. Ta ɗaga hannu ta yi wa Ubangiji godiya, ta ce ran Lahadi za ta ba da shaida a coci. Ta tura tukunyar ƙarƙashin gadonta, ni kuma na koma bakin aiki.

Jajiberin kasuwa na dawo ɗaukar kayan. Ina shiga gida na tarar da ita zaune a tabarma a inuwar darbejiya, da kwanon toka, da yankakken lemon tsami, da ɗan lallausan yashin rafi a sakaina. Ga faranti a gefe cike da sulalla farare tas, suna ɗaukar ido. Kwana da kwanaki ta yi tana dirzawa, ɗaya bayan ɗaya, da laluben hannu. In ta ji sumul a yatsa, ta san ya fita. Yatsunta duk sun tsage, tsamin lemo yana shiga, ko a jikinta.

Mu haka muka tashi. Ba a kai abu kasuwa da dattinsa. Hatsi sai an sheƙe, ƙwarya sai an kankare, akuya ma sai an goge mata jiki. Wanda ya kai kaya da dauɗa, ba kayan za a raina ba, gidansu za a raina.

Ta ce, “Matar yayanki ta ce mini baƙi ne kamar gindin tukunya. Na ce ba za ki kai wa baƙo haka ba, a ce gidanmu ƙazamai ne.”

Na ce, “Kai, Inna, sannu da aiki. Sun yi kyau sosai.”

Kuma har zuciyata na faɗa. Da ni ce ke gida, da tare za mu dirza.

Washegari na juye su a kan farin ƙyallen mutumin nan ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya, ya ajiye, ya ɗauki wani. Sannan ya zauna a kujera ya dafe kai.

Ya ce, “Malama, wa ya wanke su?”

Na ce mahaifiyata ce.

Ya miƙo mini gilashin. Ya ɗauko ɗaya daga cikin baƙaƙen da na sayar masa, ya jera shi da fari. A baƙin, komai na nan tsaye. A farin kuwa, fuskar sarkin duk zane ne, ganyen bishiyar ya lafe. Ya ce masu tarawa baƙin nan suke saye, shi ne shaidar ba a taɓa su ba tun da aka buga su. Wanda aka dirza da yashi ba sa ko kallonsa.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, “To me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake yi? Ka ga mace ta zo daga ƙauye, ba sai ka ce kar a wanke ba?”

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce, “Laifina ne, Malama. Ni ma a garin nan na tashi, uwata ko kwalba za ta sayar sai ta wanke. Ya kamata in tuna.”

Muka zauna muka tone farantin kaf ko za a sami wanda ya tsira. Babu. Inna ba ta aiki rabi da rabi. Ya ɗora su a ma'auni, ya ƙara mini kaɗan a kan farashin maƙeri don kunya. Na karɓa, don ba ni da wani wajen kaiwa. Na fito bakin titi na tsaya, masu mota suna ta kiran Malumfashi.

Da Yaya ya ji, sai ya miƙe zai nufi ɗakin Inna. Na tare ƙofa.

Na ce, “In ka faɗa mata, ni da kai har abada.”

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, “Ke kin ga yatsunta kuwa?” Ya juya ya fita. A makon nan aka kira dattawa shaida, Alhaji ya karɓi gangaren rafi. Ni da na yi rantsuwa ina raye ba za a sayar ba, ina tsaye aka kafa iyaka. Inna kuwa muka ce mata azurfa ta biya komai.

Aiki ya yi kyau, ido biyun duka. Ranar da aka cire mata audugar da aka rufe idon da ita, ta ƙare mini kallo ta ce na rame. Ina murna, amma ina fargaba, don na san abin da za ta nema.

Bayan ta warware, wata safiya ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta gona, kuma kada wanda ya riƙe mata hannu. Na bi ta a baya. Ta wuce dawar Yaya tana yaba tsayinta, ta gangara, sai ta yi turus. Ga jerin turakun aduruku sun ratsa gonar, har sun fara toho. Bayansu waken suya ne na Alhaji, shimfiɗe har bakin rafi, inda kuɓewarta take a da.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi na wane ne ba.

Ta ce, “Ashe sulallan ba su isa ba.”

Na ce, “Ba su isa ba, Inna.”

Ta buɗe tafin hannunta tana duban tabon da ke yatsunta, wanda sai yanzu take ganinsa. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ce, “Auta, faɗa mini gaskiya. Ko ban wanke su da kyau ba ne?”