Kaktus ɗin da maƙwabcina ya kawo

Shekara biyu ni da maƙwabcina ba ma ga maciji. A kan magudanar ruwa ce: ya gyara katangarsa, ruwan damina ya juyo ya ci gindin tawa, na faɗi abin da na faɗa a gaban mutane, shi ma bai bar ni ba. Mai unguwa ya sasanta mu, muka gaisa da hannu, amma ko a masallaci kowa sai ya nemi sahun da ɗan'uwansa ba ya ciki. Kafin nan kuwa mun fi shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gidana, nan Zinder. Na yi kewarsa, ba zan ɓoye ba, girman kai ne kawai ya hana ni tsallaka lungu.

Wata rana da hantsi sai ga sallamarsa, rungume da tukunyar ƙasa. A ciki wata shuka ce marar ganye, faifai-faifai kamar tafin hannu, ko'ina ƙaya. Tsohon direban babbar mota ne, ya ce tun yana bin hanyar arewa ya zo da irinta, can kaktus suke ce mata.

"Mushe, na raba tawa biyu, ga rabi," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, aikin da na yi kafin in aje. "Ka sa ta inda rana ke duka. Kada ka ba ta ruwa sai an jima ƙwarai. Kada kuma ka tona ƙasar. In bazara ta zo za ka ga fure."

Na yi godiya, na raka shi har zaure. Ina juyowa na sha jinin jikina. Wace irin shuka ce ba ta son ruwa? Kuma me ke cikin ƙasar da ba a so in tona? Na karantar da yara kimiyya shekara da shekaru, na sha gaya musu akwai tsirran da ke ajiye ruwa a jikinsu. Amma wancan a kan allon aji ne. Wannan kuwa a tsakar gidana take, daga hannun mutumin da na zaga.

Maiɗakina ta zagaya tukunyar sau biyu, hannunta a baya.

"Malam, duk itatuwan duniya a rasa abin kawo maka sai ƙaya? Ko ɗan lemo babu?"

Ban yar da ita ba, don in maƙwabcin nawa ya leƙo bai gan ta ba sulhun ya tashi ke nan. Ban kuma tona ba, don tsoron abin da zan tarar. Sai na ɗauko tsohon allona na makarantar allo. Kullum bayan asuba in rubuta ayoyin tsari, in wanke a ƙwarya, in sha kurɓi ɗaya, sauran in juye a gindin kaktus. Na ce in akwai wani abu binne, rubutu zai karya shi. In babu, ai addu'a ba ta cutar da kowa. A garin da fampo ke yin kwanaki bai zo ba, muna sayen ruwa a bido, wato jarka, a hannun 'yan garuwa, shukar nan ta fi kowa shan ruwa a gidan.

Duk sanda ya tambaye ni lafiyarta sai in ce lafiya lau, ina kallon idonsa ko zan kama wani abu. In ya yi murmushi in ce ga shi nan. In bai yi ba in ce ya iya ɓoyewa.

Ba a yi wata biyu ba gindinta ya yi baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ya fara wari. Da ta faɗi, maiɗakina ta ce, "Ka gani ko? Ba ta iya zama da ayar Allah ba." Ni ma haka na so in yarda. Na kife tukunyar a bayan gida, na baje ƙasar da sanda. Yashi ne da tsakuwa da ɗan busasshen kashin awaki. Na sake bajewa, har na ji haushin rashin samun komai.

Da bazara ya kira ni gidansa, karo na farko tun rigimar. Tasa ta yi fure, ruwan ɗorawa, manya, a jere a bakin kowane faifai, ƙudan zuma na ta shawagi. Na daɗe ban ga abu mai kyau haka ba, kuma ban ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

"Taka fa, Mushe?"

Na yi niyyar in ce akuya ce ta ture ta. Sai bakina ya faɗi gaskiya, har da allon da ƙwaryar. Na jira ya yi dariya ko ya yi faɗa, ko wanne ne da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya ɗauko wuƙa, ya yanko faifai ɗaya, ya karkaɗe shi, ya duba gaba da baya, ya naɗe a takarda don ƙaya.

"Ka bar shi ya sha iska kwana uku kafin ka dasa," ya ce, bai kalle ni ba. "Wannan karon ban sa tukunya ba, Mushe. Ka nemi taka, ka ɗebi ƙasar gidanka da hannunka, don hankalinka ya kwanta."