Jinina Don Mijin Rifkatu

Fatakwal, Alhamis

Biyar saura kwata na asuba na hau okada zuwa tasha. Ranar Laraba Rifkatu ta kira ni, karon farko cikin shekara huɗu da ta auri Bitrus ta bar ni da tulin wasiƙu. Mota ta buge shi a Enugu, za a yi masa aiki Juma'a, kuma irin jinina kaɗai zai karɓa.

Ban karya ba. Na ƙudurta yin azumi har in ba da jinin, saboda wani waliyyi da katikis ɗinmu, mai koyar da mu addini a coci, yakan ba mu labarinsa: fada ne, limamin coci, a sansanin fursunonin yaƙi, ya fito ya ce a kashe shi a madadin wani mai mata da 'ya'ya. Aka kulle shi a ɗakin yunwa, bai fito da rai ba.

Bas ta tashi ƙarfe shida. A kowane shingen 'yan sanda sai in riƙa hango kaina kwance fari fat, Rifkatu na kuka a kaina.

Anacha

Sha ɗaya da rabi na sauka. Na samu Mama Saratu, ƙanwar mahaifiyata, a Kasuwar Relief tsakanin buhunan citta. Ta miƙo min tuwo, na ƙi, na zayyana mata dalili.

"Shi fadan, ya taɓa ganin matar mutumin?"

"A'a, Mama."

"To kai don wa za ka?"

Na hau gyara igiyar jakata. A gidanta na kwana.

Enugu, Juma'a

Motar da na shiga ta tashi shida, ramukan hanya suka riƙe mu har tara da rabi. A asibitin da ke unguwar Uwani nas ta tambayi yaushe rabona da abinci. Da ta ji, ta ajiye allurar, ta ce ba ta taɓa wanda cikinsa ba komai. Bitrus kuwa sha biyu za a shiga da shi tiyata.

Sai ga Rifkatu, ta rame, idonta a bushe.

"Ishaku, ba mutuwarka nake nema ba. Ka ci abinci, don Allah."

Ta sayo okpa mai zafi, wato alalar gurjiya, da shayi, ta koma bakin ɗakin tiyata. A tsaye na cinye, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan awa guda aka ɗebi jinin. Minti goma ne kawai, ba mai kallona sai fanka.

Fatakwal, Asabar

Uku na yamma na buɗe ɗakina. Ban zauna ba waya ta yi ƙara. Lambar Rifkatu ce, amma muryar namiji ce a dishe.

"Ɗan'uwa, ka isa lafiya?"

Na ce lafiya lau, na tambaye shi jiki. Ya ce har ya sha kunu. Na gode wa Ubangiji da ya tashi kafaɗarsa, ya kuma dawo da ni gida.