Shekarar da Kyaftin Elkanah Ya Daina Faɗa

Elkanah Bowleg maƙwabcina ne a Behring Point, a tsibirin Andros. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Na koyar a firamare har na yi ritaya, shi ya sa yake ce mini Malam, da irin muryar da ake kiran mutumin da hannunsa bai iya komai ba. Ni kuma ina ce masa Kyaftin kamar kowa, ko da yake jirgin nasa mutum uku ne ke cika shi.

Mahaifinsa masunci ne. A zamaninsa ana kama kifin da ake kira mai-ƙaya da taru, a gasa shi, a ci da shinkafa da wake, ana ci ana tsince ƙaya a baki, don kifin bai sami sunansa a banza ba. Elkanah ya tashi yana tura wa mahaifinsa jirgi da gora. Yana saurayi baƙi suka fara zuwa daga Amurka da Ingila, suna biyan dala mai kauri don a kai su su kama kifin nan, su ɗauki hoto da shi, su sumbace shi in abin ya kai su, sannan su mayar da shi ruwa. Tsohon ya rasu bai gane wannan lamari ba. Ni da na yi karatu ban gane ba har yau, amma na ga rufin kwano da kuɗin makarantar yara da suka fito daga cikinsa, don haka na daina tambaya.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Filin ruwa ne, farin yashi iya ganinka, teku ta rufe shi zuwa gwiwa. Baƙo yana tsaye a hancin jirgi da siririyar sandar fatsa, a ƙarshen zarenta ƙugiya da aka yi wa ado da gashin tsuntsu don ta yi kama da jatan lande. Jagora yana baya a kan ɗan dakali, yana tura jirgi da gora ba tare da ƙara ba. Mai-ƙaya kuwa jikinsa kamar madubi ne, duk abin da ke ƙarƙashinsa shi yake nunawa. Ba kifin ake gani ba, inuwarsa a kan yashi ake nema. In jagora ya gani, sai ya faɗa da lissafin agogo, hancin jirgi ne ƙarfe sha biyu: ƙarfe goma, nesa kaɗan, jefa. Yawancin baƙi suna zuwa su koma ba su taɓa ganin kifin da idonsu ba sai yana hannunsu. Idon jagora suke haya.

Da idon kuma ake ba su gyara: faɗa. Duk jagoran garinmu yana yi, amma na Elkanah daban ne.

"Gabansa na ce, Yallaɓai, gabansa! Abinci za ka ba shi ko rotse za ka yi masa?"

Ko kuma: "To, ka kama wuyan rigarka. Sake shi, bai kai girman da ake ɗauka ba."

Mutanen nan a ƙasashensu ba mai ɗaga musu murya. Suna dawowa kowace shekara, suna kama wuri tun da wuri, suna cewa lallai jirgin Elkanah suke so.

Bara waccan, wata rana da yamma, wani baƙo ya sauko daga jirginsa yana murmushi, ya ce wa mutanen da ke bakin gadar da ake ɗaure jirage, "Yau Kyaftin ya yabe ni. Duk jifan da na yi sai ya ce madalla."

Garnet Colebrooke yana wurin yana ɗaure jirginsa. Shi ma jagora ne, kuma tun suna samari shi da Elkanah ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har da yanayin gari. Ya tsaya da igiya a hannu.

"Madalla ya ce?"

"Sau da yawa ma."

"A wannan jifan naka?"

Baƙon ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya ya wuce. Jagororin da ke wurin ba wanda ya yi dariya. Sun san jifan mutumin. Wanda ya yaba shi, to bai ga inda ƙugiyar ta faɗa ba.

A nan kana iya gaya wa mutum injinsa ya mutu, ko ɗansa ya lalace, ko waƙarsa a coci tana korar jama'a. Ba ka gaya wa jagora idonsa ya yi rauni. Saboda haka ba wanda ya ce uffan. Abin da suka yi shi ne, suka bar masa bakin wani rafi inda ruwa bai wuce idon sawu ba. In teku ta fara kawowa, mai-ƙaya yana kafa kai a yashi yana tono, jelarsa a waje tana walƙiya, har ƙarar fantsamarta ana ji. Wannan ko ni zan iya gani. Dokar jagorori ce ba a shiga filin da wani ya riga ka, don haka kullum da safe sai kowa ya sami dalilin makara har Elkanah ya isa can.

Garnet ne ya shirya abin, kuma ya shirya shi irin nasa.

"Bakin rafin nan ya mutu," ya ce a wurin wasan domino. "Ba kifi ko ɗaya. Sai dai tsohon da ya rasa abin yi ya je can."

"Kai ne ba ka iya nema ba," in ji Elkanah. "Gobe can za ni."

"Je ka mana. Wa ya riƙe ka?"

Haka aka ci kakar baƙi guda. Baƙi suna kama kifi, suna shan yabo, wasunsu suna komawa gida da ɗan rashin gamsuwa da ba su san dalilinsa ba.

Abin ya ƙare ranar da wani baƙo ya nace sai an kai shi babban fili na yamma. A can Elkanah ya kira kifi a ƙarfe biyu, baƙon ya yi ta jifa, shi kuma yana ta madalla, har jirgi ya matsa kusa aka ga tsohon katako ne kwance a yashi. Baƙon mutumin kirki ne, amma ya ba da labarin a teburin cin abinci. Matar da ke da masaukin baƙin ta san al'ada, ba ta kira Elkanah ba. Matarsa ta kira, Vernita. Ta ce mata ba za ta iya ci gaba da sa baƙi a jirginsa ba in haka abin yake. In kaka mai zuwa ta kama ba a yi wani abu ba, za ta ba wani jagora dakalin.

Ta shinge na ji sauran, don Vernita ba ta iya magana a hankali ba.

"Ran Laraba za mu birnin Nassau. Na kama mana wuri a jirgin wasiƙu."

"Me za mu yi a Nassau?"

"Yanar idonka za a cire."

"Wa ya ce ina da yana?"

"Katako ya ce."

Elkanah ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, "Kin manta Kawu Leviticus? Da ƙafarsa ya tafi aikin ido, aka dawo da shi riƙe da hannu."

"Wannan tun ba a haifi likitan yanzu ba. Elkanah, ka saurare ni. In ka zauna, ka sauka daga jirgi. In ka je abin bai yi ba, ka sauka daga jirgi. In ka je ya yi fa?"

"Ke komai sai kin mai da shi lissafi."

"Wani ya kamata ya yi lissafi a gidan nan. Ci abincinka, kuma wancan sukari ne ka ɗauka, ba gishiri ba."

Suka tafi. Aka yi wa idon dama aiki, aka ce na hagu sai daga baya. Ya dawo da baƙin tabarau da jerin hani: ba ruwan gishiri, ba tsayuwa a rana, ba ɗaga abu mai nauyi, sai bayan makonni. Abin da ya fara gani da ya iso shi ne gidansa ya koma ruwan hoda. Vernita ta ce tun bara aka yi fentin, kuma shi da bakinsa ya ce ya yi kyau.

Ya zauna a baranda yana jira. Yana karanta kalanda daga nesa, yana gane mutane tun daga kwanar coci. Na ce masa ai shi ke nan, an gode Allah.

"Malam, kalanda baƙi ne a kan fari, kuma ba ta motsi. Wannan ba gani ba ne."

Yana da gaskiya, kuma kowa ya sani. Ba wanda zai iya cewa idon ya dawo sai an kai shi fili.

Da likita ya ba da izini, Vernita ta tsara fitar. Garnet zai zauna a tsakiyar jirgi a matsayin shaida, da sharaɗin ko me ya gani ba zai buɗe baki ba. Ni zan tsaya a gaba a matsayin baƙo. Na tambaye ta me ya sa ni.

"Don in abin bai yi ba, kai ba za ka gane ba, balle ka yaɗa."

Muka fita da hantsi, ruwa yana kawowa. Elkanah bai ko kalli bakin rafi ba, ya miƙa filin yamma. Ya kashe inji, ya hau dakali a hankali, ya karɓi gora. Akwai gajimare, muka jira ya wuce. Da rana ta fito, yashi ya haske, ruwan ya zama kamar babu shi.

Muka daɗe muna tafiya. Ni dai ina kallon ruwa ina ganin ruwa, kamar yadda na saba. Sai na ji jirgi ya ɗan girgiza. Na waiwaya. Garnet ya sandare, wuyansa ya miƙe, ya cusa wuyan rigarsa a baki yana cizo. Shekara arba'in mutumin nan bai taɓa ganin mai-ƙaya ya yi shiru ba. Na san suna nan, kuma suna kusa.

Na kalli Elkanah. Gorar ta tsaya a hannunsa. Fuskarsa tana wajen da Garnet ke kallo, amma tabarau ya rufe idon, kuma bakinsa a rufe. Ban san ko gani yake yi ba ko sauraro. Na tuna katako. Na fara shirya abin da zan gaya wa Vernita, na rasa ta inda zan fara.

Garnet ya tofar da rigar.

"Elkanah, don girman Allah..."

"Rufe bakinka. An ce ka yi shiru."

"Suna wucewa!"

"Na san suna wucewa. Tun suna bayan waccan baƙar ciyawa nake tare da su. Babban yana baya, ya bar ƙananan su fara shiga, kamar kai in an zo biyan kuɗin abinci."

Garnet ya juya gaba ɗaya. "To uban me ya hana ka magana?"

"Kallonsu nake yi."

"Kallo?"

"Na kwana biyu ban gan su ba, Garnet. In na yi magana Malam zai yi jifa. In Malam ya yi jifa kuma, ka san sauran."

Garnet ya koma ya zauna, bai lura a ruwan da ya taru a ƙasan jirgi ya zauna ba. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Tsohon banza. Ka kusa kashe ni."

Aka bar Elkanah ya gama kallonsa. Sannan ya gyara tsayuwa.

"To, Malam. Ƙarfe sha ɗaya, tsawon jirgi uku. A hankali, gaban na farko."

Na yi iya ƙoƙarina. Zaren ya tashi, ya yi wani abu a sama da ban umarce shi ba, ya faɗo a dunƙule. Ruwan ya fashe kamar an watsa tsakuwa, na ga layukan laka suna gudu ta ko'ina. Wannan ne ganina na farko da garken mai-ƙaya, ta baya.

"A tsakiyar kansa! Malam, duk faɗin tekun nan ba ka sami wurin ajiye ƙugiya ba sai tsakiyar kan kifi? Yaran da ka koyar, Allah ya ji ƙansu."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na roƙe shi mu nemi wani garken, ya ce a'a, kifayen ba su yi mini laifin komai ba.

Da muka iso gada, Vernita tana tsaye da kwandon da ta ce ta zo sayen kifi da shi, a ranar da ba masunci ko ɗaya da ya fita. Ba ta tambayi mijinta ba, Garnet ta kalla.

"Yana nan yadda kika san shi," in ji Garnet. "Ba ya jin magana, ba shi da kunya."

Ta gyaɗa kai, ta ajiye kwandon, ta zauna a kan turken ɗaure jirgi na ɗan lokaci. Sannan ta tashi ta ce wa Elkanah ya sa hularsa, likita bai ce ya gasa kansa ba.

Kaka ta kama yana kan dakalinsa. Jagorori sun koma fita da wuri, kuma ana rububin bakin rafi kamar da. Idon hagu yana nan da yanarsa. Elkanah ya ce ido ɗaya ya ishi mutumin da ya san abin da yake nema, in ma za a yi, sai bayan lokacin kamun ƙaguwa. Vernita ta riga ta karɓi rana a wurin likita. Shi bai sani ba tukuna.