Tsohon Soja da Tunkiyarsa ta Ƙarshe

Ranar kasuwar Zuru, a rumfar mai maganin dabbobi, ga wani tsoho tsaye ƙyam kamar ana fareti. Takalmin sojan da ke ƙafarsa wallahi ya girmi mai rumfar. A gabansa wata tunkiya ce kwance, ramammiya, daga can garin Ribah ma kana iya ƙirga haƙarƙarinta.

Tsohon ya janye fatar idonta da yatsa. Ciki fari fat, ba jini ko ɗigo.

"Maganinka na ƙarya ne!" in ji tsohon. "Tara gare ni, tsutsar ciki ta bar min wannan kaɗai."

"Baba, ƙwaya nawa kake ba kowace?"

"Ɗaya nake raba wa huɗu."

Mai rumfa ya dafe kai.

"To mene ne? A bakin daga mu huɗu muke raba gwangwanin kifi ɗaya. Wa ya mutu?"

Da ganin tsohon, ka san matarsa ta yi magana a gida kan wannan maƙon nasa har muryarta ta dishe. Mai rumfa ya ɓare ƙwaya sukutum, ya tura wa tunkiyar a baki. Tsohon yana hararar wannan almubazzaranci. Can sai ya durƙusa, yana shafa kanta.

"Kin cinye rabon mutum huɗu. Tashi! Umarni ne."