Wandon Eladio da Bahon Inna Dosinda

A garinmu na bakin tekun Arousa, in aka ambaci Inna Dosinda, kafin a tuna shekarun da ta yi tana tonon kumba, 'yan halittun teku masu ɓawo da ake ci, a yashi, wandon Eladio ake fara tunawa.

Abin ya faru ne ranar da iyayen saurayin 'yarta Sabela za su fara taka gidan. Mutanen kan tudu ne, masu shanu, kuma an ce uban, Eladio, ba ya son ɗansa ya ɗauko 'yar masu kwasar laka. Sabela ta yi ta magiya: "Inna, don Allah yau ɗaya dai, kar a ga bokiti ko ɗaya."

Dosinda kuwa tana da dokokinta, ko limamin coci bai isa ya taɓa su ba. Kumba mai rai ba ya shiga ruwan famfo, ba a ɗaure shi a leda. Wanda zai kwana, sai kwano da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan firji. Wanda za a ci yau, sai ya ɗan zauna cikin ruwan teku, inda ke da duhu da sanyi, ya amayar da yashinsa. To ranar firji ya cika, kicin ya ɗau zafi. Ta zuba kumban da za a ci a baho da ruwan teku, ta cusa bahon ƙarƙashin teburin baƙi, kan daɓen dutse, ta saki mayafin tebur har ƙasa. Murfi ne kawai ta manta.

Eladio ya zauna da farin wandonsa, fuska a ɗaure. Ana tsakar gaisawa ya ji ruwa tsul a ƙwauri. Ya harari karen gidan. Aka kori kare, bawan Allah. Can kuma tsul, tsul, har gwiwa.

Da abin ya ishe shi ya ɗaga mayafin. Ga kumba nan sun miƙo 'yan hancinsu suna ta feshi. Sabela ta rufe fuska.

"Baiwar Allah," in ji Eladio yana duban Dosinda, "abincin naku ne yake min fitsari?"

"Ka gode wa Allah, mai shanu. Ranar da ka ga sun yi shiru, sun mutu, kar ka ci."

Ya dube ta, ya dubi wandon, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ci faranti biyu sanye da wandon mijin Dosinda, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Kafin ya tashi, shi da kansa ya tambayi watan biki.

Yanzu Dosinda ta tsufa, jikoki sun hana ta dogon sunkuyo, amma ba ta fashin fita in ruwa ya janye. Kwanan baya ƙawarta Erundina ta ɗaga murya daga cikin laka: "Dosinda, yau kuma wa za a jiƙa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yi ta dariya, 'yar'uwa. Ni dai na aurar da tawa. Naki 'yan matan har yanzu suna gida, in ara miki bahon?"