Gawar da ta Ɓace a Bangon Aji

Har yau ban manta da ranar da muka kai fim ɗinmu wani ƙauye a yankin Kebbe ba. Damina ce, amai da gudawa na ta ɗaukar mutane. Na riga na yi ritaya daga aikin wayar da kai kan lafiya, amma aka kira ni zuwa Tambuwal in rubuta zancen fim da Hausa da Fulatanci.

Ga wanda bai san aikin ba, babu ɗan wasa ko ɗaya. Manhaja ce da aka ɗora a kan injin wasannin kwamfuta. Za ka zaɓi mutum-mutumi, ka sa masa fuska da riga, ka ɗauko masa motsi daga waɗanda aka tanada, sannan ka ɗauki hoto. Na ga majigi a Yamai, na gani a Khartum, dukansu da mutane na gaske aka yi su. Wannan kuwa Malam Bashiru, jami'inmu na kwamfuta, shi kaɗai yake haɗa shi a kan tebur.

Abin da muke nema ɗaya ne: ƙauyen su yarda a zuba magani a rijiyarsu, don sun ƙi. Inna Hauwa, wadda cutar ta kashe mata ɗanta Umaru, ita ce ta tsaya mana. Ta ba da hotonsa a yi fuskarsa, ta ce idan suka ga nasu za su ji.

Da aka zo wurin mutuwar Umaru a fim ɗin, Bashiru ya nuna mini abin da ke akwai. Injin na wasan harbi ne. Duk faɗuwar da ke ciki ta wanda harsashi ya sama ce, kuma gawa ba ta daɗewa sai ta ɓace. Na gaya wa mataimakin shugaban sashe a cire wurin.

Ya ce, "Baba, jibi za a nuna. Zane ne fa, wa zai lura?"

Bayan la'asar muka rufe tagogin wani aji na firamare, muka haska a bango. Da Umaru ya fito yana tafiya da hularsa, mata suka ɗauki salati. Ya sha ruwan rijiya, ya riƙe ciki. Sai ya zabura baya, hannuwa a sama, ya faɗi a karkace, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Kafin a yi numfashi gawar ta ɓace, sai ƙasa kawai.

Waɗannan mutane sun san faɗuwar wanda aka harba. Sun gani a gonakinsu.

Inna Hauwa ta miƙe. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce mini, "Malam, ba haka nan ɗana ya rasu ba. Bisa cinyata ya cika, nika yi mai kalimar shahada. Ina kunka kai gawatai? Wa yai mai wanka?"

Mataimakin ya fara cewa laifin na'ura ne. Wani dattijo ya katse shi: "To na'urar ta zo ta sha ruwan maganin."

Ta karɓi hoton ɗanta, ta ƙulle a bakin zane, ta fita. Ajin ya bi ta. Da jarkokin maganinmu muka koma Tambuwal, ba a buɗe ko ɗaya ba.

Daga baya Bashiru ya sake wurin: kyamara ta tsaya a ƙofar ɗaki, ba a ganin kowa, sai muryar mata suna salati. Da wannan muka zaga sauran ƙauyuka, aka karɓe mu. Wancan ƙauyen ba su sake barinmu mun haska komai ba, kuma kafin ruwa ya ɗauke na je ta'aziyyar jikanyar Inna Hauwa, ita ma cutar ta ɗauke ta.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, ku riƙa tambayar don me aka ƙera kayan da ke hannunku. Wanda ya gina injin nan bai taɓa tunanin mamacin yana da uwa a cikin masu kallo ba. Namu mamatan suna da ita, kuma a layin gaba take zama.