Ranar da Na Yi wa Motata Juye da Hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Talata Mafara, kuma in za a faɗi gaskiya, ban taɓa haɗuwa da wawa mai ji da kansa irina ba. Ina da takardar digiri a jikin bango, da biro uku a aljihun gaba, da wata tsohuwar mota da ta girme rabin ɗalibaina. A wurina duk wanda bai zauna a aji ba kansa fanko ne, ko da kuwa ya tsufa a kan sana'arsa. Yau in na tuna mutumin nan da nake a da, tsaki kawai nake ja.

Mai yi wa motar juye, wato sauya baƙin mai da filta, wani dattijon bakanike ne da ke aiki a gindin bishiya a bakin babban titi. Nawarsa ita ce ke ƙona mini rai. In ya kwance tsohuwar filta sai ya juya ta ya ƙura wa bakinta ido, ya sa yatsa ya shafa mazauninta a jikin inji, ya dangwali sabon mai ya shafa wa robar sabuwar, sannan ya ɗaure da hannu. Ya tayar da mota ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinta, shiru, kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Ni kuwa ina tsaye ina duba agogo. A ɗakin malamai nakan ce surkulle ne kawai, don a ɗauka aikin na da wuya. Ran nan na faɗa masa ido da ido cewa wannan aiki ko mai sayar da rake zai iya shi. Bai yi fushi ba. Ya ce tsohuwar mota sai da lallashi, ya yi mini fatan alheri.

Wata Asabar na sayo galan ɗin mai da sabuwar filta, na kalli bidiyo a waya ina tsallake rabinsa, don ni a ganina ba a koya mini. Ban yi aikin a cikin gida ba, sai a ƙofar gida, don maƙwabta su ga yadda mai ilimi ke aiki. Na zubar da tsohon mai, na kwance filta na yi jifa da ita ko kallonta ban yi ba. Ashe robarta ta manne a jikin inji, ni kuma na ɗora sabuwa a kanta na ɗaure tamau. Na zuba sabon mai, na tayar da mota, na ji ƙara, na kashe. Tsugunawa in leƙa ƙasa kuwa, ai wannan aikin marasa boko ne. Na shiga gida ina gaya wa maiɗakina cewa daga yau mun huta da kanikawa.

Washegari da sassafe Inna, mahaifiyata, ta kira ni daga Bakura. Yayarta da ke Maradun, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarsu, jiki ya yi tsanani, kuma ita kaɗai take ta nema. Sun jima ba su ga juna ba saboda halin da hanya take ciki. Ta ce maƙwabcinta zai raka ta tasha ta shiga motar haya yanzu-yanzu. Na ce haba, ina da mota, motar ma da sabon mai, uwata za ta matsu cikin fasinja? Na ce ta jira ni. Ta jira, don ba ta saba musu da ni ba.

Na ɗauko ta, muka biyo ta Mafara. Da muka zo daidai bishiyar dattijon na rage gudu saboda rami, sai ga shi ya miƙe zumbur yana ɗaga hannu, yana nuna ƙarƙashin motar. Inna ta tambaye ni ko ba ni wancan bawan Allah ke kira ba. Na ce ta rabu da shi, ciniki ya kuɓuce masa shi ya sa yake tsalle. Wayata ta yi ƙara, na ga lambarsa, na katse. Jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa a gabana, na ce wayoyin tsohuwar mota ne. Duk abin da ya zo mini da gargaɗi, ina da amsar da na tanadar masa.

Mun yi nisa a hanyar Maradun sai inji ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wani gurnani, ya mutu. Na fita na waiga, ga layin baƙin mai a kan kwalta iya ganina. Na buɗe gaban mota na tsaya ina kallo da hannu a ƙugu, wai ni injiniya. Motocin da ke wucewa kaɗan ne, kuma duk a cike, ba mai son tsayawa a daji. Inna ba ta iya hawa babur saboda ciwon gwiwa. Ta shimfiɗa mayafinta a gefen hanya ta yi azahar, ta zauna da carbi. Sai wajen la'asar wani mai a-kori-kura ya tausaya mana, ya ba ta gaba, ni na hau kan buhuna.

Muna shiga unguwar muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Matan gidan suka gaya mana cewa bayan azahar yayar Inna ta cika, kuma tun safe duk ƙarar motar da ta ji sai ta ce a duba ko ƙanwarta ce. Da na bar Inna ta shiga motar haya, da tun hantsi tana zaune a gefenta.

Bayan kwana uku aka jawo motar zuwa gindin bishiyar. Dattijon ya yi mini ta'aziyya doguwa, ya tambayi haƙurin Inna, sannan ya kwance filtar ya zaro roba biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce ɗigar mai ya hango, shi ya sa ya kira. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ba ni na kashe baiwar Allah ba. Amma sallamar da ta nema ba ta samu ba, wannan aikina ne. Ba jahilci ne ya kai ni ba, don jahili yakan tambaya. Raini ne. Ina kira ga irina, masu ganin takarda ta sa sun fi kowa, in kun ga mai sana'a yana wani abu da ya yi muku kama da ɓata lokaci, ku tambaye shi dalili kafin ku yi masa dariya. In za ku yi juye da kanku, ku tabbata tsohuwar roba ta fito, ku tsuguna ku leƙa, gwiwarku ba za ta karye ba. In an ɗaga muku hannu a hanya, ku tsaya.

Inna ta ce ta yafe mini, kuma na san da gaske take. Sai dai har yau in aka ambaci Maradun a gabanta takan jawo carbinta, ni kuma in rasa inda zan ajiye idona.